Jan Launi a Taswira

"To sai ki mutu a kan tukunya!" na ce.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Mama. Tana zaune a matakala tana ɗaure takalmi, ƙirjinta na yin fito kamar buta a wuta. "Shekara bakwai suka rage min. In na ajiye aiki yanzu, yanke min fansho za a yi. Shekara talatin ina dafa wa 'ya'yan mutane abinci a makaranta, sai a ƙarshe in karɓi guntu?"

"Likita ya ce..."

"Likitan ne zai ɗumama min ɗaki? An zaɓe ka kansila da ƙuri'a ɗari uku, ka fara kafa wa uwarka doka. Declan, gyara wuyan rigarka, kamar wanda aka koro."

Ta fita cikin yayyafi.

*

Kwamitin fansho babu mai so, shi ya sa aka ba ni. Ni ne ƙarami a majalisar, takardar sakandare kawai gare ni. An ce sai an yi mana horo kafin mu fara ɗaga hannu.

Kansila Ackroyd, wanda ya shekara ashirin a kwamitin, ya sa hannu a takardar halarta, ya cika aljihu da biskit, ya zauna kusa da ni.

"Samari, aikin nan ba wuya. Shugaba ya ɗaga hannu, ka ɗaga. In shayi ya zo ka tashe ni."

Mai koyarwar, Madam Pilling, 'yar siririya ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce asusun fanshon na mutum dubu tamanin ne: masu shara, masu kwasar bola, masu jinyar tsofaffi, masu girki. Ta nuna mana inda kuɗinsu yake aiki. Jiragen dakon kaya. Manyan fankokin lantarki tsaye a tsakiyar teku. Gadoji a ƙasashen da ban iya kiran sunansu ba. Kuɗin da ake cire wa Mama a albashi ya zaga duniya, ita ko jirgi ba ta taɓa hawa ba.

Ta ce akwai yarinya 'yar shekara sha shida da ta fara aiki watan jiya. Asusun zai ci gaba da biyanta bayan duk wanda ke ɗakin nan ya zama ƙasa.

Tsigar jikina ta tashi. Rabona da jin haka tun ina yaro, ranar da na fara ɗaga kai a cikin babban coci. Wannan abu duka, a hannun mutum goma sha biyu, uku suna gyangyaɗi.

"Kafin mu san abin da za mu tanada," in ji ta, "sai mun san yaushe mutane za su mutu. Mutum ɗaya, Allah ne masani. Mutum dubu, ba mu cika kuskure ba."

Ta haska taswirar garinmu. Kan tudu kore shar. Bakin kogi ja. Na gane unguwarmu, Lowfold, a cikin jan, na gane har kwanar layinmu.

"Matan kan tudu kan ci fansho shekara ashirin da biyu. Na bakin kogi, sha ɗaya. Masu ciwon ƙirji a cikinsu ba sa kaiwa ko kusa."

Na kasa ɗauke ido. Mutuwa ce zaune a bango, da lambar gida, an yi mata launi mai kyau.

"Wato tunda ba sa daɗewa, nauyin asusun ya ragu ke nan?" shugaban kwamiti ya tambaya.

"Ya ragu."

"Madalla."

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

"Su mutanen jan launin, an taɓa gaya musu?"

Madam Pilling ta cire tabarau, ta dube ni sosai.

"Shekara sha takwas ina wannan horon, ba a taɓa tambayata ba."

"Ba hurumin kwamitinmu ba ne," in ji Ackroyd, idonsa a rufe.

Aka turo shayi. Kafin mu watse aka raba wa kowa takardar shaidar ya ƙware.

*

Na sami Mama ta ƙofar bayan madafar makaranta, tana kankare tire. Tururi ya jiƙa mata gashi.

"Mai girma kansila! Me aka koya maka?"

Ban taɓa iya yi mata ƙarya ba. Na gaya mata jiragen, ta yi dariya har da tari. Na gaya mata taswirar. Dariyar ta tsaya.

Ta kashe famfo. Abokiyar aikinta ta daina jera cokula. Mama ta goge hannu a jikin riga, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"To ni, shekara nawa suka ba ni?"