Mil Ɗari na Orval Dueck

Duk mai shan kofi da safe a shagon Marlys ya san Orval Dueck ya taɓa gudun mil ɗari a awa a kan babur, wata Lahadi a 1974, a miƙaƙƙen titin bayan rumbun masara. Ni dai na ji labarin har na haddace. Orval bai je yaƙi ba, bai yi arziki ba, masararsa ma ba ta taɓa cin kyauta ba. Wannan ɗarin ce kaɗai abin tinƙahonsa, kuma garinmu da ke jihar Nebraska ya bar masa ita.

Ni sana'ata gyaran agogo, na hannu da na bango da na mota. Shekara arba'in da ɗaya ban bar agogo mai ƙarya ya fita ƙofata ba. Mutane na cewa ina da taurin kai, kuma ban taɓa musa musu ba.

Ran wata Talata Orval ya shigo da agogon gudun babur ɗin, ya naɗo shi cikin tsohuwar safa.

"Lorne, allurar nan ta kwanta tun kana da gashi a ka. Tashe ta."

"Sai yau ka tuna da ita?"

"Renata zan ba babur ɗin."

Renata 'yarsa ce tilo, ma'aikaciyar jinya, mai yara biyu.

Na ɓamɓare zoben da ke riƙe gilashin agogon, na cire gilashin. Giris ɗin ciki ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Na wanke, na sa mai, na miƙe siririn sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da allura, sannan na ɗora agogon a injin gwaji. Na sa injin a hamsin, allura ta nuna sittin da ɗaya. Na kai shi tamanin da biyu, ta hau ɗari ta zauna daram. Da na duba 'yar lambar da ke ƙasan fuskarsa sai na gane na wani babur ne daban, wani ya liƙa shi tun kafin Orval ya saya. Ba tsufa ne ya koya masa ƙarya ba, da ita ya zo.

Tausayin Orval ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da nake jin tausayin. Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa masa, na rasa wata hanya sai miƙaƙƙiya.

"Orval, ɗarinka tamanin da biyu ce."

Ya ja kujera ya zauna, ya cire hularsa ya duba cikinta.

"Da uku," in ji shi. "Ɗan sanda ya tsayar da ni shekara biyu bayan nan, allura na kan ɗari. Tamanin da uku ya rubuta. Ranar na zare wayar agogon."

"Amma ka ci gaba da cika mana kunne?"

"To me zan ba ku? Labarin masara?"

Na ce masa gyaran ba wuya, zan rage ƙarfin maganaɗisun ciki, allura ta koma faɗin gaskiya.

"Kar ka taɓa."

"Ka san ba na sakin agogo mai ƙarya."

"Na sani, tsohon banza, saurara. Yarinyar nan tun tana zama a cinyata take jin labarin ɗarin nan. Yanzu ta ce sai ta yi irin ta babanta, a titin nan, a kan babur ɗin nan. In ka gyara, ɗari ta gaske za ta nema. Wannan ƙarfen ya haura shekara hamsin, ko da ƙuruciyarsa bai kai ba."

"Sai ka gaya mata gaskiya mana."

"Na gaya mata ran Lahadi. Ta yi dariya, ta ce Baba tsoro ne ya sa ka ƙarya. Na ce na fasa ba ta, ta ce za ta sayi wanda ya fi shi gudu." Ya mayar da hular kansa. "Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi."

Ya zuba wa allurar ido.

"Za ka iya ƙara mata ƙaryar?" ya ce.

Na ƙara wa maganaɗisun ƙarfi, na kunna injin, yana tsaye a kaina. Allura ta hau ɗari tun injin na kan saba'in da takwas. Ya ce in ƙara. Saba'in da huɗu. Ya ce in ƙara. Da muka kai saba'in na ce ya isa, ƙasa da haka za ta gane, ba wawuya ba ce.

Na rufe zoben na miƙa masa. Na riƙe masa bakin safar, ya saka shi ciki. Ya kai ƙofa, ya tsaya bai juyo ba.

"Lorne, saba'in ma tana kashe mutum?"

"Tana kashewa."

Ya gyaɗa kai ya fita.