Shaidar Tsutsa

Ran Alhamis aka ɓalle ƙofar ɗakin Salihu a wani lungu bayan titin Huanshi Lu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, bayan wari ya ishi maƙwabta. Munkaila, abokinsa mai auna wa 'yan Kano kaya zuwa jirgi, shi aka kira ya shaida gawar. Ya shaida ta, ya fito ya yi kuka kamar yaro.

Abin da ya fi ƙona masa rai ita ce likitar 'yan sanda. Mutum na kwance yana jiran sutura, ita kuwa baiwar Allah ta durƙusa tana tsintar tsutsa da ɗan hantsaki, tana zubawa a kwalba! Har zafin ɗakin sai da ta auna. Kullum Munkaila sai ya je neman gawa, kullum amsa ɗaya: "Meyo." Babu ke nan.

Ana cikin haka Madina, matar Salihu, ta kira daga Kano, muryarta a dashe. Ashe mahaifin Salihu ma ya rasu ran Juma'a, kwana shida kafin a ɓalle ƙofar. Wayar Salihu kuwa a kashe take tun Laraba, kwana biyu kafin rasuwar mahaifin, don haka 'yan'uwansa suka tsaya kai da fata cewa shi ya riga tsohon tafiya. In haka ne bai ci gado ba, 'ya'yansa uku ba su da ko taku ɗaya a gidan da aka haife su.

"Yaya Munkaila, ina zan kai su?"

Munkaila dai ya san halin Salihu, in zazzaɓi ya kama shi sai ya kashe waya ya ƙudundune, amma wa zai karɓi wannan a gaban alƙali?

Washegari ya koma wurin likitar tare da tafinta, wannan karon ba faɗa. Likitar ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Taga a buɗe take, ƙuda kuwa ba ya jinkiri, yana jin gawa yake zuwa ya yi ƙwai. A zafin Guangzhou an san yadda tsutsa ke girma kowace rana. Ta yi renon waɗanda ta ɗiba har suka zama ƙudaje, ta gane irinsu. Tsutsa mafi girma a cikinsu ma ba ta isa a ce tun Laraba ya mutu ba.

"To yaushe?" in ji Munkaila.

"Lahadi, ko Litinin. Har Asabar dai yana da rai."

Allahu Akbar! Munkaila ya rasa bakin godiya, sai "shiye-shiye", na gode da Sinanci, yake ta jerawa, kunya ta rufe shi. Ta ce za ta rubuta ta buga hatimi.

Tun a matakala ya kira Madina a Kano.

"Maman Aicha, me kike yi?"

"Kayan yara nake ɗaurewa."

"Kwance su. Salihu ya gaji babansa."