Rijiyar da Gajere Ya Haƙa a Tudun Marke

Shekarar da ruwa ya yi yawa har gero ya kwanta a gonaki, a ita ce ƙasa ta fara motsi a Tudun Marke, wani ƙauye gabas da Kaikai a ƙasar Kusada. Ba motsi ba ne mai ka da gini. Mutum na zaune sai ya ji kamar babbar mota ta wuce ta ƙarƙashin tabarmarsa, kwanuka su yi ƙara, kaji su watse, shi ke nan. Wata rana sau ɗaya, wata rana har sau huɗu.

Gajere shi ne mai haƙa rijiya a garin. Sana'ar ubansa ce, ya kuma shekara talatin a cikinta. Gab da faɗuwar damina ya gama ƙara wa rijiyar masallaci zurfi, har ya kai gaba ashirin da biyu, ya fasa wani baƙin dutse, ruwa mai daɗi ya ɓullo. Bai taɓa haƙa mai zurfinta ba, kuma bai ɓoye jin daɗinsa ba.

Ba a san bakin da maganar ta fara fitowa ba. An dai wayi gari ana cewa dutsen da Gajere ya fasa shi ke riƙe da ƙasar garin.

Da abin ya yi yawa, mai unguwa Ɗanmaliki ya tara mutane bayan la'asar. Shi da Gajere rana ɗaya aka yi masu kaciya, kuma Gajere ne babban abokinsa ranar aurensa, don haka Gajere ya zauna cikin taron hankalinsa kwance.

"Jama'a, ni ban ce rijiyar ba ce," in ji Ɗanmaliki. "Amma kowa ya sani, kafin rijiyar ba mu san wannan abu ba. A rufe ta tukuna mu gani."

Gajere ya ɗaga kai ya dube shi. Ɗanmaliki na kallon wani wuri.

Bayan an watse, Ɗanmaliki ya ja shi gefe ya dafa kafaɗarsa. "Ka yi haƙuri, Gajere. Mutane sun tsorata, dole a ba su abin da za su kama. Ni ina bayanka."

Gajere ya yarda. Da hannunsa ya taya ɗauko itacen da aka jera a bakin rijiyar, aka yaɓe da laka.

Ƙasa ba ta daina motsi ba. Aka ce ai ɓarnar ta riga ta auku. Bangon ɗakin wata tsohuwa, Inno, ya tsage tun daga sama har ƙasa, ta daina amsa gaisuwar Gajere. Mutanen ƙauyen Dudunni da suka kira shi aiki suka aiko cewa ya dakata. Matarsa Ma'u ta je gidan suna ta dawo da wuri, ta ce tana zama sai mata suka yi tsit. Abin da ya fi damunsa shi ne, shi kansa ya fara zargin kansa. Duk sanda ƙasa ta motsa sai ya tuna ƙarar dutsen nan lokacin da ya tsage a ƙarƙashin digarsa.

Ana haka wata mata ta zo daga jami'a da takardar ƙaramar hukuma, sunanta Dakta Karima, ilimin ƙasa da duwatsu ta karanta. Ta binne wasu ƙananan na'urori uku a wurare daban-daban, ta ce su ke rubuta duk motsin da ƙasa ta yi, da lokacinsa, da inda ya fito.

Gajere ya jira mutane suka ragu, ya matsa kusa da ita ya gaishe ta.

"Malama, ni ne mai laifin. Ni na haƙa rijiyar."

"Gaba nawa ce, Baba?"

"Ashirin da biyu."

Ta rufe littafinta ta dube shi sosai. "Baba, rijiyarka ko fatar ƙasa ba ta gama hudawa ba. Abin da ke motsa ƙasa yana can ƙasa nesa, tafiyar da ta fi daga nan zuwa Kaikai in da miƙe ta aka yi. Akwai tsofaffin tsagogi a cikin dutse. Wani lokaci sukan ɗan zame, musamman in ruwan sama mai yawa ya ratsa su. Manyan rijiyoyin burtsatse da ake zuƙar ruwa dare da rana ma kan iya taɓa su. Sai kuma fasa dutse da nakiya. Amma diga da hannun mutum ɗaya, a'a."

"To halaka za mu yi?"

"Galibin irin waɗannan ƙananan sukan yi ta yi su mutu da kansu. Da wuya babba ya biyo bayansu, amma ba zan rantse maka ba sai na auna. Ka ba ni mako uku."

Ya koma gida da sauƙi a ransa, ya biya ta gidan Ɗanmaliki ya ba shi labari. Ɗanmaliki ya ce madalla, amma a bari matar ta gama aikinta kafin a faɗa wa kowa.

Da mako uku suka cika ta dawo, ta tono na'urorinta, ta aika a kira Gajere. Ta shimfiɗa wata doguwar takarda a kan gaban motarta.

"Motsin iri biyu ne, Baba. Waɗannan 'yan kaɗan daga zurfi suke fitowa, ba su da ƙarfi, ba su da lokaci, kuma kullum raguwa suke. Na ƙasa ne, ba abin tsoro. Waɗannan kuwa, su ne masu yawa, su ke tsaga bango. Daga sama-sama suke, duk daga wuri ɗaya, bayan dutsen can na yamma. Kullum tsakanin hantsi da la'asar. Kuma duba nan, da nan, da nan." Ta ɗora yatsa a kan wasu gurabe uku da babu komai. "Ranakun Juma'a ne. Ƙasa ba ta san Juma'a ba, Baba. Mutane ne suka santa."

Gajere ya tsaya yana kallon dutsen. Tun kafin damina Ɗanmaliki ya hana kowa zuwa bayansa, manoma da makiyaya duka, ya ce an ga 'yan bindiga a wajen.

Washegari da safe ya ɗauki sandarsa ya kama hanya a ƙasa. Tafiyar ta kai shi hantsi. Bai iske 'yan bindiga ba. Ya iske shingen waya, da wani rami mai faɗi, da baƙin mutane suna loda farin dutse a tifa, wadda ke fita ta wata hanya da ba ta bi ta garin. Mai gadin ya tare shi.

"Baba, ba a shiga. Za a tashi nakiya yanzu."

"Wa ya ba ku wurin nan?"

"Mai unguwarku mana. Shekaranjiya ma yana nan."

Kafin Gajere ya yi nisa abin ya tashi. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa, irin girgizar da ya sani, wadda ta hana shi sukuni wata uku.

Da ya dawo gari ya iske Ɗanmaliki a zaure shi kaɗai yana cin goro. Gajere bai zauna ba.

"Daga bayan dutse nake."

Ɗanmaliki ya daina tauna.

"Tun yaushe ka sani?"

"Zauna mana, Gajere."

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko." Ya sauke murya. "Ka saurare ni. Sun yi alkawarin gyara mana hanya har Kusada. Da na faɗa, da mutane sun tashi sun kore su, mu yi asarar komai. Rijiya kuwa ko yaushe ana iya buɗe ta."

"Kana kallo na ɗauko itace na rufe aikina. Kana kallo Inno ta daina amsa mini gaisuwa. Na zo nan na ce maka ina jin ni na jawo wa gari bala'i, ka ce in yawaita istigfari." Gajere ya matso kusa da shi. "Duk garin nan, me ya sa sai ni?"

Ɗanmaliki ya ajiye goron da ke hannunsa. Can ya ce, "Don na san kai ba za ka yi rigima da ni ba."

Gajere ya juya ya fita. A hanya mutum biyu suka gaishe shi bai ji ba.

Rahoton Dakta Karima ya isa ƙaramar hukuma, aka zo aka dakatar da masu fasa dutsen, ashe ko cikakkiyar takarda ba su da ita. Aka buɗe rijiyar masallaci. Ƙananan motsin na zurfi suka yi ta raguwa, kafin a gama yankan dawa sun ɗauke. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba Gajere haƙuri, ya ce ba komai, tsoro ne. Ɗanmaliki kuwa ya ce wa jama'a shi ma yaudararsa aka yi, bai san nakiya za su sa ba. Wasu suka yarda, ya ci gaba da zama mai unguwa. Gajere bai ƙaryata shi a bainar jama'a ba, bai kuma ƙara zama a zaurensa ba.

Da bazara ta kama, rijiyar cikin gidan Ɗanmaliki ta cushe da yashi, ruwa ya ƙafe. Ya rasa fuskar zuwa da kansa, ya aiko ƙaninsa Sadisu wurin Gajere. Ma'u ta ce, "Malam, ka ce su nemo wani daga Kankia."

Gajere ya ɗauki igiya da guga ya tafi. Ya shiga ya yashe rijiyar tun safe har azahar, ruwa ya dawo. Ɗanmaliki na tsaye a bakin rijiyar lokacin da ya fito, ya sa an kawo fura da tuwo, ya miƙo hannu. Gajere ya naɗe igiyarsa, ya yi wa matan gidan sallama ya wuce.

Da ya iso gida Ma'u ta tambaye shi me ya kai shi.

"Matan gidan ba su yi mini komai ba," in ji shi. "Ɗebo mini ruwa in wanke lakar nan."