Taswirar da Aka Ɗinka da Jan Zare

"Ya ƙi, wallahi ya sake ƙi!"

Tela ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinkinta ta leƙa ta tagar da ke tsakanin shagonta da na maƙwabcinta. Baba Sikeli ne tsaye gaban ƙaton injinsa na buga taswirar gini, yana haki, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Wata jar fitila na ta ƙyaftawa a goshin injin.

Shekara goma sha tara suna maƙwabtaka. Ta san lokacin da injiniyoyi ke layi a ƙofarsa da naɗaɗɗun takardu a hammata. Yanzu kuwa kowa a waya yake tura zanensa, magina su yi ta jan allo da yatsu biyu suna ƙanƙance ido. Ga kuma sabuwar masifa: kamfanin injin da masu haɗa tawada sun maka juna a kotu. Kamfani ya turo wa injinansa wani sabon tsari, suka daina karɓar duk tawadar da ba tasa ba. Tasa kuwa wata biyar ke nan ba ta shigo kasuwa ba.

"Baba, zauna don Allah. Likita ai cewa ya yi ka kwanta."

"In kwanta? Zo ki ga abin da wannan bawan Allah ya kawo mini."

Bawan Allahn shi ne babban maginin da ke aikin ƙaramin asibitin unguwa. Yana rakuɓe a bakin ƙofa da hula a hannu, duk ya yi zuru-zuru. A kan tebur ga taswirar asibitin, wani mai shagon waya ya matse ta cikin 'yar takarda guda, lambobin awon sun koma kamar kashin ƙuda.

Baba ya zaro rularsa ta ƙarfe daga aljihun gaba. Sanadiyyar rular nan ya samu sunansa, don ko takardar wa zai miƙa sai ya fara aza ta a kan layin gwajin da ke gindin zane. In layin ya cika santimita goma, sai ya ce "Sikeli ya zauna." In bai cika ba, ko gwamna ne sai ya jira.

"Duba nan. Ko uku bai kai ba! Lambobi ba sa karantuwa, shi kuma ya ɗauki rula yana lissafi da ka. Ƙofar ɗakin haihuwa ta fito masa mita ɗaya, alhali a zanen injiniya ɗaya da rabi ce. Gadon marar lafiya ta ina zai bi? Ta taga?"

"Baba, ni abin da aka ba ni na bi," in ji maginin. "Injiniya ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Ƙarfe huɗu motar kankare za ta iso, an riga an ɗaure rodi. In aka zuba ginshiƙan nan, shi ke nan, sai dai a fasa."

Tela ta dubi agogo. Sha ɗaya saura. A asibitin nan 'yarta ke sa ran haihuwar na biyu, ita da ta haifi na fari a bayan mota.

Baba ya kalli ƙaramin injin buga takardun ofis da ke kusurwa, wanda shi rigimar kamfanoni ba ta shafe shi ba. Sai ya juyo ya zuba wa Tela ido.

"'Yar nan, kekenki na cin takarda?"

"Takarda kuma? Baba, zazzaɓin ne ya hau kai?"

"Ke dai amsa mini."

"In na buɗe takun ɗinki na sa ƙyalle a baya, me zai hana?"

Ai fa nan tsoho ya farfaɗo. Ya zauna gaban kwamfuta ya yanka zanen gida goma sha biyu, kowanne da cikakken awonsa, da 'yar alamar ƙari a kowace kusurwa, ya buga su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin injin. Maginin ya ce a liƙa da salatif mana. Baba ya harare shi. "Salatif a rana? Kafin la'asar ya saki, bangonka ya tafi yawo."

Suka ɗauko keken suka shigo da shi. Baba na daidaita alama kan alama, idonsa ko gezau. Tela na soka allurai, tana bi da ɗinki. Jan zare ne a keken, na rigar wata amarya, babu lokacin canzawa. Sau biyu ya sa ta farke layi guda don ya kauce da kaurin gashi.

"Haba Baba! Ko uwar amarya ba ta yi mini wannan ƙi-faɗin."

"Riga in ta matse a buɗa ta. Kankare fa?"

Ƙarfe biyu da rabi suka shimfiɗa taswirar a ƙasa, faɗinta ya kusa cika shagon, jan zare ya ratsa ta tsaye da kwance. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya aza rula a layin gwaji, ya sake azawa a ƙetaren kowane ɗinki.

"Sikeli ya zauna."

Maginin ya saki kabbara, ya naɗe takardar ya ruga. Baba ya ce shi ma sai ya gani da idonsa, don haka Tela ta tare mai adaidaita. Suna isa suka tarar an baza taswirar a kan allon katako, ma'aikata sun yi mata rumfa da kawunansu. Wani ya ce, "Kai, ashe haka ginin yake!" Kafin motar kankare ta juyo kwana an kwance rodin ginshiƙai biyu an matsar da su. Baba na zaune kan bulo yana dariya har da tari, ma'aikata na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu. Tela ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, ita ma sai da ta share ido da gefen mayafi.

Baba bai sake buɗe shago ba. Kwana shida bayan haka, da hantsi, 'yarsa ta shigo shagon Tela. Tela ta tsayar da keke.

"Anti, Baba ya cika."

Tela ta yi salati, ta rungume ta suka yi kuka mai isarsu. Da za ta tafi, yarinyar ta ciro rular ƙarfen daga jaka. "Jiya ya ce in ba ki. Wai ke kaɗai ce a layin nan ba kya awo da ka."

Bayan wata uku Tela ta bi ta wajen ginin da 'yarta, cikinta ya fito sosai. An yi rufi, ana shafe. Taswirar na nan kafe a bangon baranda da ƙusa huɗu, rana ta ci ta, yatsun siminti duk sun ɓata gefenta, amma ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Maginin ya hango su ya taso da gudu.

"Hajiya, ku zo ku ga ƙofar Baba."

Haka ma'aikata ke kiranta yanzu. Tela ta cire tef ɗin awo daga wuyanta, ta ba 'yarta bakinsa ta riƙe, ta ja shi zuwa ɗaya gefen. Santimita ɗari da hamsin cif.

"Ya zauna," ta faɗa a hankali.

Ta mayar da tef ɗin wuya, ta kama hannun 'yarta, suka shige ta ƙofar kafaɗa da kafaɗa, babu wadda ta goga bango.