Faifan da Ke Ƙara

Muhsin yana kwance sukurorin kwamfutar ke nan Omolara ta shigo shagon hotonsu da ke Bagudo, goye da ɗanta Ifedayo. Motar da za ta mayar da ita Kudu tana tasha ana ɗaure kaya. Mijinta Wale, abokin sana'ar Muhsin, ya rasu a watan jiya. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Tsamiya, yana dawowa daga ɗaukar bidiyon kai amarya ƙetaren iyaka, cikin Benin.

"Maman Ife, zauna mana."

"Ba zama, direba yana jira. Faifai ɗaya kawai za ka ba ni. Baban Ife ya ce biyu ne a cikin kwamfutar, abin da ke wannan shi ke wancan. Ka riƙe ɗaya, in tafi da ɗaya."

Muhsin ya ajiye sukundireba.

Haka Wale ya so a yi lokacin da suka sayo faifan ajiyar bidiyon, guda biyu, daga Birnin Kebbi. Tsarin madubi, in ji shi: duk abin da aka zuba a ɗaya ya sauka a ɗayan, in wannan ya mutu wancan yana nan. Illarsa, ka sayi faifai biyu ka sami wurin ɗaya. Shi kuwa Muhsin ya ce a haɗe su su zama rumbu guda, wuri ya ninka, aiki ya yi sauri. Illar wannan kuma, kowane bidiyo ana yayyanka shi ne, wani yanki nan wani can. In ɗaya ya mutu, na biyun tarkace ne. Sun yi ta gardama har kaka ta zo, manoman Bahindi da Lafagu suka sayar da shinkafa, bukukuwa suka yi yawa, wuri ya cika. Wale ya ɗaga hannu ya ce, "To, Injiniya, yi yadda ka so." Ashe bai taɓa gaya wa matarsa an sauya ba.

"Ba su rabuwa," Muhsin ya ce. "Rabi na nan, rabi na can. In kin tafi da ɗaya, ba ki da komai, ni ma ba ni da komai."

Ta dube shi. "Baban Ife ba ya ƙarya."

"Bai yi ba. Daga baya aka sauya."

Ba ta tambayi wanda ya sauya ba. Ta gyara goyo.

"Mutumin da ya ɗauki rabin Bagudo hoto, shi ba shi da ko ɗaya mai motsi. Kullum yana bayan kyamara. Sai ranar sunan Ife, da kai ka riƙe. Yaron nan zai girma ya tambaye ni yaya muryar ubansa take. Me zan ce?"

Abin da ya sa Muhsin ya buɗe kwamfutar tun farko shi ne ɗaya daga faifan ya fara ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana buga tsinke a kwano. Ya san wannan ƙarar. Duk kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Kuma bidiyon bikin Kubura, ɗiyar Alhaji Na'Allah na Bahindi, aikin da Wale ya rasu a kansa, an sauke shi daga kyamara, yana ciki ba a fitar ba. Da safe Alhaji ya kira ya ce, "Yaro, bidiyon ga fa? Uwar ɗiya ba ta bi su Benin ba, kullum sai ta tambaye ni." Muhsin ya yi alkawarin la'asar.

Ya fita ya ja igiyar janareta, ya dawo ya danna maɓallin kunnawa. Kwamfutar ta tashi da kyar. Ƙas-ƙas. Ya soka filashi, ya tsaya da hannu a kan linzamin kwamfutar. Ga bidiyon bikin Kubura, ga na sunan Ife a ƙasa. Ya ja na sunan.

Layin kwafi ya riƙa rarrafe, ya tsaya, ya ci gaba. Yaron ya farka yana ƙananan kuka, uwar tana jijjiga shi, idonta a kan allon. Da ya cika, Muhsin ya buɗe daga filashin don ya tabbata. Sai ga Wale cikin farar agbada, babbar rigar mutanensu, rungume da jariri, yana dariya yana nuna kyamara.

"Injiniya, riƙe da kyau mana, kana yanke mini kai!"

Omolara ta toshe baki da gefen zaninta. Ta juyo da bayanta wajen allon don yaron ya gani. Yaron ya kalli fanka.

Muhsin ya zare filashin ya miƙa mata, ya soka wani, ya ja bikin Kubura. Layin bai yi nisa ba ƙarar ta sauya, ta zama doguwar shaƙa, allon ya daskare. Ya kashe ya kunna. Kwamfutar ta ce ba ta ga komai ba. Ya sake. Haka.

"Lafiya?" ta tambaya.

"Lafiya. Je ki, kar mota ta bar ki."

Ya raka ta bakin titi, ya tsayar mata da ɗan acaɓa. Ta ƙulle filashin a haɓar zani, ta ce ya gaida mamarsa. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya koma ya kashe janareta. Ana kiran la'asar ya rufe shagon, ya hau babur ya kama hanyar Bahindi, gidan Alhaji. Wannan ba maganar waya ba ce.