Kujerar Mai Mota

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana tuƙa manyan wata ma'aikata, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa zama a kujerar baya ba. Ya goge ta, ya fesa mata turare, ya tsince ɓurɓushin biskit daga lungunanta, amma ya ɗora mazaunansa a kanta, a'a. Daraktoci huɗu suka zauna a wurin, su harɗe ƙafa su buɗe jarida, shi kuwa sai dai ya hango su ta madubi. Saboda haka ran da kuɗin sallamarsa suka fito, abu ɗaya ne tak a ransa: ya sayi irin motar nan ƙirar Jamus, baƙa, mai kujerun fata, ya jingina a baya a ja shi, a kira shi mai mota ko da sau ɗaya ne kafin ya bar duniya.

Matarsa ta so a gyara rufin falo da ke yoyo, a ajiye saura. Ta jero masa duk wanda ta sani da ya sayi tsohuwar motar Jamus ya koma tafiyar ƙafa. Ya bari har ta kai aya, sannan ya yi mata murmushin tausayi.

"Uwar yara, waɗannan ba su san mota ba ne. Ni shekara talatin da ɗaya ina riƙe da irinta, ba ta taɓa mutuwa da ni a hanya ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan ce ta kai shi ta baro shi.

Motar da ya samo shekarunta goma sha huɗu, ta bi hannu uku kafin nasa, amma ƙyallinta sai ka rantse jiya aka kwance ta daga leda. Matsalar farko ma ba daga injin ta fito ba, daga Baba ta fito. Da sassafe zai fito da farar riga a soke cikin wando, tsumma a kafaɗa, ya wanke ta har ƙarƙashin taya. In ya tsaya a wuri, kafin hankalinsa ya dawo ƙafafunsa sun riga sun zagaya, ya buɗe ƙofar baya ya ƙame, yana jiran fitowar wanda babu shi. A gidan mai suka tambaye shi ko oga na son rasit. A ƙofar asibiti mai gadi ya nuna masa inuwar da direbobi ke jira. Mai shagon bakin layinsu, wanda ya san shi tun kafin furfura, ya taya shi murnar samun sabon aiki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya dai haɗiye.

Sai ya kira surukinsa, mijin babbar 'yarsa, wani malamin makaranta mai sanyin hali, ya danƙa masa makulli. Baba ya shiga baya da jarida. Ko buɗe ta bai yi ba. Motar na motsawa ya zame zuwa bakin kujera, ya cusa kai tsakanin kujerun gaba. Wai ba haka ake riƙe sitiyari ba, wai birkin nan tausa yake so ba tattaka ba, wai ramin can tun jiya yake nan amma malam sai da ya je ya gaishe shi. Kafin su kai kwana gumi ya jiƙe malamin, Baba ya ce a tsaya. Suka yi musanya. Haka suka wuce shagon bakin layi, Baba a kan sitiyari, suruki a baya yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige, mai shago kuwa ya miƙe tsaye ya ɗaga wa surukin hannu biyu.

A mako na uku Baba ya fito da bokitinsa ya tarar motar ta durƙusa ta gefe ɗaya, cikinta na taɓa ƙasa. Matarsa ta leƙo ta ce ai ladabi ne, gaishe shi take yi.

Bakanike ɗaya ne a garin ke taɓa irin motocin nan, ana ce masa Mai Kwamfuta. Mutum ne mai taushin murya, wanda ba ya shiga ƙarƙashin mota. Waya yake jona mata, ya zuba wa allo ido, ya yi ajiyar zuciya, kuma tsawon ajiyar zuciyar shi ne tsawon kuɗin. Ya bayyana cewa motar ba a kan ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska take, ɗaya ta fashe, kuma ba a canja ɗaya a bar 'yar'uwarta. Ya rubuta takarda ya ce a kai wa oga. Baba ya ce shi ne ogan. Mai Kwamfuta ya dubi farar riga, ya dubi tsumman kafaɗa, ya yi dariya ya ce duk haka suke cewa. Da Baba ya biya, sai bakaniken ya ware wani abu ya ninke, ya zura masa a aljihu, ya raɗa masa cewa wannan nasa ne.

Baba ya koma gida da fara'a. Ya ba matarsa labarin yaron kirki da ya san darajar manya, har ragi yake yi ba a roƙe shi ba. Ita dai ta ce to.

Daga nan hanya ta buɗe. Famfon ruwa ya tafi. Gilashin taga ya sauka ya ƙi hawa, aka ce motar da ke jan gilashin ce, don ashe kowace ƙofa da 'yar motarta a ciki. Fitilar gaba ɗaya ta mutu, aka ce ba ƙwai ake canjawa ba, gidan gaba ɗaya ake cirewa. Kowane zuwa da ajiyar zuciyarsa, kowane biya da ɗan ninkakken abu a aljihu. Kuɗin sallama suka yi ta zagwanyewa, bokitin tarar ruwa a falo ya zama biyu. Abin da ya fi ɗaure wa Baba kai shi ne yadda ta ofis ba ta taɓa yin haka ba. Wata safiya yana ta maimaita zancen, matarsa ta ajiye tsintsiya.

"Malam, kwana biyun nan da ake ba ka hutu duk wata, ka zo ka cika mini gida da gyara zaman kujeru, ina motar take kwana?"

"Gareji mana. Sabis."

"Wa ke biya?"

Shi dai ya san yana miƙa makulli ga jami'in sufuri, bayan kwana biyu a dawo masa da mota tana ƙamshi. Bai taɓa ganin takarda ba, bai taɓa tambaya ba. A zatonsa mai kawai ake juye mata. Ashe shekara talatin da ɗaya motar ofis tana ciwo duk wata, wasu ne ke jinyarta a bayan idonsa, shi kuma yana yawo yana yabon lafiyarta.

Bayan kwana tara ta ƙi gaba ta ƙi baya a ƙofar gida. Dole Mai Kwamfuta ya zo da kansa. Ya jona waya, ya yi wata ajiyar zuciya da sai da ya tsaya ya sake jan numfashi a tsakiyarta, sannan ya ce giyabos ne, ya faɗi kuɗin. Baba ya zauna daɓas a dakalin ƙofa, ya dafe kai.

Bakaniken ya tsaya yana kallonsa. Ta ƙofar da ke buɗe ya hango bokitai biyu a tsakiyar falo. Murmushinsa ya gushe.

"Baba, wai da gaske taka ce?"

"Tun ranar farko na faɗa maka."

"Wallahi ban yarda ba sai yanzu. Direba in aka ce giyabos, tambaya yake kwana nawa zai huta. Ba ya irin wannan zama."

Cikin kunya ya fasa ƙwai. Duk takardar da ya rubuta wa direba, yakan ɗora kason direban a sama, oga ya biya, shi kuma ya mayar wa direba nasa. Ragin da Baba ke alfahari da shi kuɗinsa ne ake ciro masa daga aljihun dama a mayar masa na hagu. Matar Baba ta juya baya, kafaɗunta na rawa, ba a san ko dariya take ko kuka ba, ita ma ba ta sani ba.

Mai Kwamfuta ya ce gyaran ya fi kuɗin motar. In Baba ya yarda zai saye ta ya farke ta kayan gyara, da farashin da zai ishi rufi har da canji. Baba ya ce ya sallama, amma da sharaɗi, shi zai raka ta gareji.

Ya shiga ciki ya cire farar rigar, ya sako kayansa mafi kyau. Janwe, motar jan matattun motoci, ta zo ta ɗaga gaban motar sama, tayoyin baya kawai ke ƙasa. Baba ya buɗe ƙofar baya ya shiga, matarsa ta miƙo masa jarida ta tagar nan da ya biya kuɗin gyaranta. Da janwe ta ja, karkatar motar ta tura shi baya, gadon bayansa ya nutse cikin fata. Ya dubi gaba don ya yi gyara, babu kowa a kan sitiyari, babu wanda zai gyara wa. Sai ya harɗe ƙafa. Kai, ashe haka wurin nan yake da daɗi. Ƙwalla ta cika masa ido har ya kasa ganin rubutun jaridar.

A bakin layi mai shago ya fito, ya dubi mota rataye, ya dubi wanda ke ciki. Wannan karon bai yi kuskure ba, don ba a taɓa ganin direba ya yi ado ya raka gawar motar wani ba.

"Sannu mai mota. Allah ya mayar da alheri."

Baba ya ɗaga masa yatsu biyu a hankali, yadda ya ga daraktoci na yi.

A gareji janwe ta sauke su. Baba bai motsa ba. Mai Kwamfuta ya gane, ya goge hannu a wando, ya zo ya buɗe ƙofar ya tsaya a bakinta. Baba ya ninke jarida, ya share ido, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Koma bayan ƙofar, ɗana," ya ce. "Ba a tare wa mai mota hanya."