Ranar da Tasallah Ta Tashi Jarirai

Tasallah ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya tana sosa tafin ƙafar jarirai, har ta tashe su duka daga barcin bayan azahar. Ɗakin reno ya kaure da kuka. Yazid kaɗai ta ƙyale, ya ƙoshi, ya sha turare, yana kwance yana kallon fanka.

Wannan ba aikin kirki ba ne, kuma ta sani. Amma ta gaji da masu zuwa gidan marayun nan na unguwar Harra ta Gabas a Madina suna zaɓen yara kamar masu zaɓen dabino a kasuwa. Yazid ya kusa shekara biyu, bai fara tsayuwa ba, bai taɓa cewa "mama" ba. In ya wuce biyun, shayarwa ba za ta mai da shi muharrami ba, kuma da wuya a samu gidan da zai ɗauki namijin da mata za su riƙa lulluɓi a gabansa in ya girma.

Lauratu, abokiyar aikinta, ta ce in mudira, shugabar gidan, ta gano, iƙamar Tasallah, takardar izinin zamanta a ƙasar, ta tashi aiki, sai filin jirgi. Tasallah ta ce ta daina surutu ta buɗe ƙofa.

Baƙin suka shigo tare da mudira: Bakri da matarsa Hibatullah, wadda take shayar da 'yarta, suna Larabci irin na haifaffun Madina. Bakri ya yamutsa fuska, ya nufi gadon da babu kuka. Mudira ta gaya musu gaskiya, cewa girman yaron yana jinkiri, sai da likitoci da gashin ƙashi. Bakri ya ja da baya.

Tasallah ta yi wa baƙin murmushi, ta ce wa Lauratu da Hausa, "Kin gani, a banza na tashe su. Ƙaton mutumin nan jiki gare shi, babu zuciya."

Hibatullah ta sunkuya ta ɗauki Yazid. Ya daɗe yana kallonta kafin ya kwantar da kai a kafaɗarta. Ta tambayi mudira yaushe za a fara takardu, ta kalli mijinta har ya gyaɗa kai.

Sannan ta matso kusa da Tasallah, ta ce da Hausa mai ƙamshin Larabci, "Inna, kakata 'yar Damagaram ce. Maganar zuciya ba zan fassara masa ba. Je ki lallashi waɗanda kika tasa."

Har aka kira la'asar Tasallah tana jijjiga jarirai.